Hanta da Jijiya: Tarihin Gano Illar da Garkuwar Jiki Ke Yi wa Jijiyoyi a Daɗaɗɗen Ciwon Hanta, da Yadda Aka Nemo Maganinta

1.0 GABATARWA

Idan aka ambaci ciwon hanta, abin da yakan zo wa yawancin mutane a rai shi ne idanu su yi rawaya, fitsari ya rine, ciki ya kumbura. Ba kasafai ake kawo cewa mutumin da tafin ƙafarsa ke zugi da dare, ko wanda hannunsa ya saki har ya kasa riƙe alƙalami, mai yiwuwa asalin larurarsa ƙwayar cutar hanta ce ba. Su kansu likitocin Turai da Amurka sai da suka shafe fiye da shekara ɗari, watau daga 1866 zuwa 1970, suna jinyar irin waɗannan mutane kafin su fara fahimtar abin da ya haɗa hanta da jijiya.

Manufar wannan takarda ita ce ta bi diddigin yadda aka kai ga wannan fahimta, sa'an nan ta nuna yadda hanyar magani ta riƙa sauyawa gwargwadon sanin da aka samu. Abin da za mu yi ƙoƙarin tabbatarwa shi ne, muddin ana danne garkuwar jiki ba tare da an taɓa ƙwayar cutar da ta harzuƙa ta ba, sauƙin da akan samu bai cika ɗorewa ba, wani lokaci ma yakan zo da wata ɓarnar. Za mu duba zamanin da ake ganin alamu ba a san sababi ba, da zamanin gano ƙwayar B da ta C, da magungunan da suka biyo baya, daga ƙarshe kuma mu ɗan waiwayi abin da ya shafe mu a cikin wannan tarihi.

2.0 BAYANIN WASU KALMOMI

Kalmar jijiya a Hausa tana ɗauke da ma'ana fiye da ɗaya, don kuwa da ita muke kiran hanyar da jini ke bi, da ita kuma muke kiran zaren da ke kai saƙon ji da motsi tsakanin laka da gaɓoɓi. Don gudun ruɗani, a cikin wannan takarda za mu kira ta farko magudanar jini, mu bar wa ta biyu sunan jijiya. Abin lura a nan shi ne, ita ma jijiya rayayya ce, tana da nata ƙananan magudanan jini da ke ciyar da ita. In waɗannan suka toshe, zaren da ke cikinta sai ya mutu saboda rashin abinci da iska.

Daɗaɗɗen ciwon hanta kuwa shi ne wanda ƙwayar bairus ta zauna a jiki fiye da wata shida, kuma ƙwayar B da ƙwayar C su ne kan gaba wajen haddasa shi. Garkuwar jiki ita ce rundunar da ke yaƙi da baƙin abubuwa, kuma daga cikin makamanta akwai sinadarin kariya, wanda wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini mai suna limfosait ke saƙawa. Idan sinadarin kariya ya kama ɓurɓushin ƙwayar cuta, sukan dunƙule su zama gudaji mai yawo cikin jini. A bisa al'ada hanta da saifa kan kwashe wannan gudaji. Amma idan ya yi yawa, sai ya maƙale a bangon magudanan jini, garkuwar jiki ta far wa wurin, bangon ya kumbura. Wannan shi ne tushen yawancin abin da za mu tattauna.

3.0 ZAMANIN GANIN ALAMU BA TARE DA SANIN SABABI BA

3.1 Cutar Kussmaul da Maier

A shekarar 1866 wasu likitoci biyu na birnin Freiburg a ƙasar Jamus, Adolf Kussmaul da Rudolf Maier, suka buga labarin wani saurayi tela mai shekara 27. Ya zo asibiti da zazzaɓi da ciwon ciki da ciwon tsoka, yatsunsa sun daina ji sosai, ƙarfinsa yana raguwa kullum har ya kasa tashi, kuma cikin kimanin wata guda ya rasu. Da aka buɗe gawarsa sai aka tarar da ƙulli-ƙulli jere a kan matsakaitan magudanan jini na zuciya da ƙoda da hanji da tsoka. Wannan ita ce cutar da aka sani yau da sunan foliyataraitis nodosa, watau kumburin magudanan jini mai ƙulli-ƙulli.

Likitocin da suka biyo baya sun lura cewa fiye da rabin masu wannan cuta jijiyoyinsu kan taɓu, kuma taɓuwar tana da salo nata. Yau jijiyar da ke ɗaga ƙafar dama ta mutu, mutum ya shiga jan ƙafa. Bayan 'yan kwanaki ta wuyan hannun hagu ta bi, hannu ya lanƙwashe. Kowace da nata zugi mai tsanani. An ga salon, an ba shi suna, amma ba wanda ya san mafarinsa. An zargi tunjere, an zargi guba iri-iri, ba a tabbatar da ko ɗaya ba.

3.2 Ruwan jinin doki da zomaye

A farkon ƙarni na 20 akasarin masana suna bin ra'ayin da aka jingina wa Paul Ehrlich, cewa jiki yana da hanyar da yake hana garkuwarsa ta cuce shi. Sai dai a 1905, a birnin Biyana, Clemens von Pirquet da Béla Schick sun bayyana yadda yaran da aka yi wa allurar ruwan jinin doki don maganin maƙarau sukan yi zazzaɓi da ƙuraje da ciwon gaɓoɓi bayan mako ɗaya ko biyu, daidai lokacin da jikinsu ya fara saƙa sinadarin kariya. A 1943 kuma Arnold Rich da John Gregory, a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, suka yi wa zomaye allurar ruwan jinin doki mai yawa, sai ga magudanan jinin zomayen sun kumbura irin kumburin da Kussmaul da Maier suka gani. Daga nan aka fara yarda cewa garkuwar jiki tana da hannu a cikin cutar. Tambayar da ta rage ita ce, wane baƙon abu ne ke harzuƙa ta a jikin mutumin da ba a taɓa yi masa allurar jinin doki ba?

3.3 Jinin da ke daskarewa cikin sanyi

Akwai wani zaren labarin da ya taso daga wata kusurwa dabam. A 1933 Maxwell Wintrobe da Mary Buell sun ga wani sinadari a ruwan jinin wata mai ciwon daji na ɓargo, wanda yakan daskare idan aka sanyaya shi, ya narke idan aka ɗumama. A 1947 Lerner da Watson suka raɗa masa suna kirayogulobulin. A 1966 Martin Meltzer da Edward Franklin na birnin Niyok suka bayyana majinyata 29 masu wannan sinadari, suka kuma fito da alamu uku da sukan taru ga wasunsu: ɗige-ɗigen ja a fatar ƙwauri, da ciwon gaɓoɓi, da kasala. Da yawansu kuma suna da ciwon ƙoda, wasu ƙafafunsu na zugi. A 1974 Jean-Claude Brouet da abokan aikinsa a Faris, babban birnin Faransa, suka nazarci majinyata 86, suka kasa sinadarin gida uku. Kashi na farko na masu ciwon daji na jini ne. Na biyu da na uku gauraye ne, watau wani sinadarin kariya ne ya kama ɗan'uwansa suka dunƙule. Da yake ba a ga dalili ba a yawancin masu gaurayayyen nau'in, sai aka riƙa kiransa mai zaman kansa, wanda a harshen likitoci yake nufin ba a san inda ya fito ba.

3.4 Zuwan kotizon

A 1948 Philip Hench na asibitin Mayo a Amurka ya fara ba masu ciwon gaɓoɓi kotizon, kuma ba da daɗewa ba aka gwada shi a kan kumburin magudanan jini. Wani nazari da aka buga daga wannan asibiti a 1967 ya nuna cewa kashi 13 cikin ɗari kaɗai na masu cutar Kussmaul da Maier ke kai shekara biyar a raye idan ba a yi musu magani ba, amma da kotizon adadin ya kai kashi 48. A 1979 Anthony Fauci da abokan aikinsa suka nuna amfanin ƙara saikulofosfamaid, maganin da ke karya fararen ƙwayoyin jini, ga waɗanda cutar ta yi wa mugun kamu. Wajibi ne a yi wa waɗannan magunguna adalci, domin sun ceci rayuka da dama. Amma dukkansu garkuwar jiki suke dannewa, ba su san da zaman wata ƙwayar cuta ba.

4.0 YADDA AKA GANO ƘWAYAR B

Yayin da ake wancan bincike, wasu masanan suna can suna fama da tambayar ciwon shawara mai bin jini. A 1883 an yi wa ma'aikata 1,289 na wani wurin ƙera jiragen ruwa a Bremen lambar agana da maganin da aka haɗa da ruwan jikin mutum, sai 191 daga cikinsu suka kamu da shawara bayan 'yan watanni. A 1942 kimanin sojojin Amurka 50,000 suka kwanta da shawara bayan an yi musu wata allurar rigakafi da aka gauraya da ruwan jinin mutane. A 1947 wani likitan Ingila, F. O. MacCallum, ya ba da shawarar a kira mai bin abinci da ruwa nau'in A, mai bin jini kuma nau'in B. Har zuwa lokacin ba wanda ya taɓa ganin ƙwayar.

Baruch Blumberg, wanda ya buɗe ƙofar, ba ciwon hanta ya fita nema ba. Yana nazarin bambancin jinin al'ummomi ne, sai ya ci karo da wani sinadari a jinin wani mutum daga 'yan asalin Ostareliya, ya buga bayaninsa a 1965. Cikin 1967 da 1968 shi da Alfred Prince da wasu suka tabbatar cewa sinadarin yana tafe da ciwon hanta nau'in B, a 1970 kuma David Dane a Landan ya ga cikakkiyar ƙwayar. Ashe abin da Blumberg ya tsinta rigar ƙwayar ce, wadda hanta mai ciwo ke zubarwa cikin jini da yawan gaske. An ba shi lambar yabo ta Nobel a 1976.

5.0 HAƊUWAR LABARAN BIYU A 1970

Samun gwajin jini mai sauƙi ya sa likitoci suka shiga gwada majinyata iri-iri. A 1970 David Gocke da abokan aikinsa a Niyok suka buga a mujallar Lancet cewa sun sami rigar ƙwayar B a jinin mutum 4 daga cikin 11 masu cutar Kussmaul da Maier, har sun ga alamarta tare da sinadarin kariya a bangon magudanar jini. A cikin wannan shekarar Christian Trépo na birnin Lyon a Faransa ya ba da irin wannan rahoto. Ga shi an sami baƙon abin da ake nema tun zamanin zomayen Rich. A Faransa, cikin shekarun 1970, kimanin kashi ɗaya cikin uku na masu wannan cuta suna ɗauke da ƙwayar B. An kuma lura cewa cutar takan ɓulla ne da wuri, galibi cikin shekarar farko bayan kamuwa.

Wannan sani ya jefa likitoci cikin halin gaba kura baya siyaki. In ba a ba da kotizon ba, hanji na iya ɓulewa, ƙoda ta lalace, jijiyoyi su ci gaba da mutuwa. In kuma aka daɗe ana ba da shi, ƙwayar B sai ta sami sarari ta hayayyafa, domin kotizon yana kwantar da rundunar da ke yaƙarta, kuma yana zaburar da ita kanta ƙwayar. A 1981 wani gwaji da aka yi a Hong Kong ya nuna cewa firedinisolon, ɗan'uwan kotizon, yana ƙara wa masu daɗaɗɗen ciwon hanta nau'in B illa. Watau ana maganin ƙaba kai na kumbura.

Loïc Guillevin na Faris da Trépo su ne suka tsara mafita a cikin shekarun 1980. Tsarinsu mataki uku ne. Da farko a ba da kotizon na kimanin mako biyu kawai, don a kashe wutar kumburin da ke barazana ga rai. Sa'an nan a janye shi, a fara maganin da ke yaƙar ƙwayar. A lokaci guda kuma a riƙa sauya ruwan jinin majinyaci da na'ura, don a kwashe gudajin da ke yawo. Maganin ƙwayar da aka fara da shi bidarabin ne, daga baya intaferon, sa'an nan lamibudin, wanda aka amince da shi don ciwon hanta nau'in B a 1998. A 2005 suka buga sakamakon majinyata 115 da aka bi tun daga 1972, inda ya bayyana cewa wanda jikinsa ya rinjayi ƙwayar har ta daina hayayyafa, da wuya kumburin ya dawo masa. A yau entekabir, wanda ya fito a 2005, da tenofobir, wanda aka amince da shi don wannan ciwo a 2008, su ne suka maye gurbin na da, domin ƙwayar ba ta saurin bijire musu. Ba sa tumɓuke ta daga hanta baki ɗaya, amma suna hana ta hayayyafa muddin ana shan su.

Daɗin daɗawa, tace jinin da ake ƙara wa mutane da allurar rigakafi, wadda aka fara amfani da ita a 1981 aka kuma sami sabon samfurinta a 1986, sun sa wannan nau'in kumburi ya ragu ƙwarai da gaske a Turai da Amurka.

6.0 ƘWAYAR C DA WARWARE MATSALAR JINI MAI DASKAREWA

Da aka ga abin da ƙwayar B ta yi, sai wasu suka zaci ita ce kuma bayan gaurayayyen kirayogulobulin, har aka buga rahoto a kan haka a 1977. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa rabonta a nan kaɗan ne. Amma an ci gaba da lura cewa hantar yawancin waɗannan majinyata ba lafiya gare ta ba.

Tun a 1975 Stephen Feinstone da Harvey Alter da abokan aikinsu sun nuna cewa yawancin ciwon hantar da ke biyo bayan ƙarin jini ba na A ba ne, ba kuma na B ba. Shekara 14 aka yi ana neman wannan ƙwaya ta uku, sai a 1989 Michael Houghton da Qui-Lim Choo da George Kuo na kamfanin Chiron a Kalifoniya, tare da Daniel Bradley, suka gano ta, aka sa mata suna C. Nan da nan aka koma kan masu jini mai daskarewa. A 1990 Manuel Pascual da abokan aikinsa a Janiba, a 1991 kuma Clodoveo Ferri a Italiya, suka sami alamar ƙwayar C a jininsu. A 1992 Vincent Agnello a Amurka ya sami ita kanta ƙwayar a jinin mutum 16 daga cikin 19, ya kuma nuna cewa ta fi taruwa a cikin daskararren gudajin. Da haka sunan mai zaman kansa ya faɗi a kan mafi yawan majinyata.

Yadda abin ke gudana shi ne, ƙwayar C takan zauna shekaru tana tsokanar limfosait, har wasu daga cikinsu su yawaita fiye da kima, su shiga saƙa wani sinadari mai kama sauran sinadaran kariya. Kimanin rabin masu daɗaɗɗen ciwon hanta nau'in C suna da wannan gudaji a jininsu, amma 'yan kaɗan ne, kusan ɗaya cikin goma ko ƙasa da haka, yake sa wa ciwo a sarari. Magudanan da yake toshewa ƙanana ne, sabili da haka salon taɓuwar jijiya ya sha bamban da na ƙwayar B. Galibi yakan fara ne a hankali daga yatsun ƙafa biyu, da zugi kamar an taka garwashi, ko jin kamar kiyashi na tafiya, ya riƙa haurowa sannu a hankali. A wasu kuwa yakan zo da mutuwar jijiyoyi ɗaya bayan ɗaya. Gwajin gano shi ma yana da sharaɗi: dole a riƙe jinin da aka ɗiba da ɗumin jiki, digiri 37, har a raba ruwansa, sa'an nan a ajiye shi a firji a digiri 4 har kwana bakwai. In jinin ya huce a hanya, gudajin zai daskare ya bi ƙwayoyin jini, sakamako ya fito kamar ba kome.

7.0 MAGUNGUNAN ZAMANIN ƘWAYAR C

7.1 Intaferon

Maganin farko da aka samu shi ne intaferon. A 1994 Rocco Misiani da abokan aikinsa a Bergamo ta Italiya suka gwada shi a kan majinyata 53. Waɗanda ƙwayar ta ɓace daga jininsu sun sami sauƙi, amma da aka tsayar da allurar sai ƙwayar ta dawo, ciwon ma ya dawo tare da ita. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Duk da haka gwajin ya tabbatar da cewa ciwon yana bin sawun ƙwayar ne. Ƙara ribabirin a 1998 da samun intaferon mai daɗewa a jiki a 2001 sun kyautata sakamako, har kimanin rabin majinyata suna rabuwa da ƙwayar. Matsalar ita ce intaferon shi kansa mai zuga garkuwar jiki ne, kuma an sami mutanen da zuginsu ya ƙaru ko gaɓoɓinsu suka ƙara shanyewa bayan sun fara shi.

7.2 Ritukzimab

Tun da limfosait ne ke saƙa gudajin, sai aka yi tunanin a rage su kai tsaye. Ritukzimab magani ne da aka amince da shi a 1997 don ciwon daji na waɗannan ƙwayoyi. A 2003 ƙungiyoyi biyu na likitocin Italiya suka ba da rahoton amfaninsa ga masu jini mai daskarewa, a 2012 kuma gwaje-gwaje biyu, ɗaya a Italiya ɗaya a Amurka, suka nuna ya fi tsofaffin magungunan danne garkuwa. Sai dai tsohon darasin nan ya sake dawowa: wanda ke ɗauke da ƙwayar B a kwance, ritukzimab na iya tayar da ita har hanta ta gaza. A 2013 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mai ƙarfi a kan haka, kuma ƙa'ida ce a gwada ƙwayar B kafin a ba da shi.

7.3 Sababbin ƙwayoyin sha

A watan Disamba na 2013 aka amince da sofosbubir a Amurka, wasu 'yan'uwansa suka biyo baya. Waɗannan magunguna suna toshe wa ƙwayar C hanyar hayayyafa ne kai tsaye, ba sa zuga garkuwa, kuma cikin mako 8 zuwa 12 suna raba fiye da kashi 95 cikin ɗari na majinyata da ita har abada. A 2016 David Saadoun da Patrice Cacoub da abokan aikinsu a Faris suka buga sakamakon majinyata 24 masu kumburin magudanan jini da aka ba sofosbubir da ribabirin, inda 21 suka sami cikakken sauƙin alamunsu. A 2020 aka ba Alter da Houghton da Charles Rice lambar Nobel saboda gano ƙwayar C.

Tsarin da ake bi yau ya yi kama da wanda Guillevin ya shimfiɗa wa ƙwayar B. Mai ciwo maras tsanani maganin ƙwayar kaɗai ya ishe shi. Wanda gaɓoɓinsa ke shanyewa da sauri, ko ƙodarsa ta taɓu, akan haɗa masa da ritukzimab da kotizon na ɗan lokaci, wani sa'in har da sauya ruwan jini. Amma nazarce-nazarcen da suka biyo baya sun nuna cewa gaɓoɓin jiki ba sa warkewa tare. Ɗige-ɗigen fata sukan ɓace cikin makonni, ita kuwa jijiya takan ja baya, domin zaren da ya mutu ba ya tsirowa fiye da kimanin milimita ɗaya a rana, wani ma ba ya dawowa sam. Akwai waɗanda ƙwayar ta ɓace amma zugin ƙafa ya zauna musu, sai dai a riƙa lallaɓa shi da maganin raɗaɗin jijiya da motsa jiki. Akwai kuma waɗanda limfosait ɗinsu suka ci gaba da saƙa gudaji bayan ƙwayar ta tafi, don haka ba a sallamarsu daga duba.

8.0 WASU NAU'O'IN

Akwai lokacin da garkuwar jiki kan far wa rigar da ta lulluɓe jijiya kai tsaye, ba ta hanyar magudanar jini ba. Sanannen misali shi ne shanyewar da Georges Guillain da Jean Barré da André Strohl suka bayyana a 1916 a jikin sojojin Faransa biyu, wadda takan fara daga ƙafa ta haura cikin kwanaki. An sami rahotanninta bayan sabon kamun ciwon hanta, musamman nau'in E da A da B. Maganinta sauya ruwan jini ne ko ƙarin sinadarin kariya ta magudanar jini, kuma kotizon shi kaɗai ba ya amfani a kanta. Tana da 'yar'uwa mai tafiyar hawainiya, wadda aka gani jefi-jefi ga masu daɗaɗɗen ciwon hanta, ita kuwa tana jin kotizon. Bambance waɗannan nau'o'i aikin gwajin gudun saƙo a jijiya ne, wani lokaci har da yanko ɗan guntun jijiya a duba.

9.0 ABIN DA YA SHAFE MU

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ke ɗauke da ƙwayar B, miliyan 50 kuma ƙwayar C. A Nijeriya, binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya sami ƙwayar B a kashi 8.1 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 64, alamar ƙwayar C kuma a kashi 1.1. Bai kamata a yi zuzutawa ba: a Afirka ta Yamma yawanci tun ana ƙanana ake kamuwa da ƙwayar B, shi kuwa kumburi mai ƙulli-ƙulli ya fi bin wanda ya kamu da girmansa, kuma ciwon sukari da kuturta da ƙanjamau da ƙarancin abinci mai gina jiki sun fi ciwon hanta yawan taɓa jijiya. Amma inda masu ɗauke da ƙwaya suka kai miliyoyi, ko ɗan ƙaramin kaso mutane ne masu yawa.

Haɗarin da ya fi kusa da mu shi ne wanda aka gano tun 1981. Magungunan dangin kotizon suna da araha, ana kuma sayensu a kemis ba tare da takardar likita ba, don ciwon gaɓoɓi ko abin da aka kira sanyi, wasu ma don neman ƙiba. Mai ɗauke da ƙwayar B da ya daɗe yana shan su zai ji sauƙi a gaɓoɓinsa, alhali ƙwayar tana yaɗuwa a hantarsa, kuma ranar da ya tsayar da su garkuwar jiki na iya farfaɗowa ta far wa hantar gaba ɗaya. Gwajin digon jini na 'yan mintoci ya isa ya nuna wanda ke cikin wannan haɗari.

Ta fuskar rigakafi kuwa, an shigar da allurar ƙwayar B cikin jerin alluran yara a Nijeriya a 2004, kuma ta farko an so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa, domin jariri in ya kamu, kusan kashi 90 cikin ɗari ƙwayar zama take yi. Ƙwayar C ba ta da allurar rigakafi, sai dai tsabtace allura da askar wanzami da jinin da ake ƙarawa. Ƙasar Masar, inda alluran maganin tsargiya na shekarun baya suka yaɗa ƙwayar C, ta ƙaddamar da gwajin gama-gari a 2018, ta gwada kimanin mutum miliyan 50, ta yi wa waɗanda aka samu magani, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yaba mata a 2023.

10.0 KAMMALAWA

Mun ga cewa an san cutar tun 1866, an zargi garkuwar jiki tun 1943, an sami abin danne ta tun 1948, amma sai a 1970 da 1990 aka san masu harzuƙa ta. Kafin nan an bar jaki ne ana dukan taiki, ko da yake dukan ya ceci wasu. Bayan nan kuwa tsarin magani ya zama guda a nau'o'in biyu: a kashe wutar kumburi na ɗan lokaci in ta yi tsanani, a yaƙi ƙwayar, kada kuma a danne garkuwar kowa sai an san abin da ke kwance a hantarsa. Saura jinkirin jijiya wajen farfaɗowa, wanda har yanzu ba maganin da ya kawar da shi. Saboda haka duk wanda ya zo da zugin ƙafa ko mutuwar gaɓa da ba a ga dalilinta ba, musamman in akwai ɗige-ɗige a ƙwauri ko ciwon gaɓoɓi ko zazzaɓi da rama, ya kamata gwajin ƙwayar B da ta C ya shiga cikin gwaje-gwajen farko da za a yi masa, tun jijiyar tana da sauran rai.